Karkarwa a kan injin wankin ƙoda: maleriya ce, roba ce, ko ruwan ne?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga ma'aikatan lafiyan da ke cikinmu. Maigidana ana yi masa wankin ƙoda, to 'yan makonnin nan da an ɗora shi kan inji, bayan kamar awa ɗaya sai sanyi ya kama shi, ya dinga karkarwa har gadon na motsi, haƙora na haɗuwa. A lulluɓa masa bargo biyu, a banza. Sai a yi masa allurar farasitamol a ce maleriya ce. Maganin maleriya mun sha har mun gaji. Abin da ya ɗaure min kai, wata baiwar Allah da ke gadon kusa da shi ita ma haka ta yi, rana guda, kusan lokaci guda. Sauro ɗaya ne ya cije su?

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Hajiya, roba gare shi a wuya ko a cinya, wato bututun da ake zurawa a jijiya don haɗa shi da inji, ko kuwa an yi masa haɗin jijiya a hannu?

Maman Walida: Amin Baba. A hannu ne, tun bara aka yi masa.

Sistar Dare: Tambayar da Baba ya yi ita muke fara yi mu ma. Yawancin zazzaɓin da muke gani a kan inji daga robar nan yake, musamman ta cinya da ake bari ta wuce kwanakinta don babu kuɗin canzawa. Ƙwayoyin cuta na zaune a cikinta, ana kunna famfon jini sai a kwaso su a watsa cikin jiki, shi ya sa mai roba yakan fara karkarwa da wuri. Amma mai haɗin hannu, wurin allura ba ja ba kumburi, sai an ɗora shi abin ke tashi, ga kuma maƙwabciyarsa ta yi tare da shi? Ni a nan ruwa zan fara zargi. Maman Walida, in an sauke shi zazzaɓin yana bin sa gida?

Maman Walida: Kafin dare ya sauka, Sista. Washegari garau, sai dai gajiya.

Ɗan Gwaggo: Haba Sista, kada a tsorata mutane. Na shiga ɗakin ruwan cibiyar da ake yi wa gwaggona, na ga injin RO, mai tace ruwa ta wata fata ta musamman, da idona, ya fi na masu fiya wata nesa ba kusa ba. Ruwa fes. Mai kula da wurin har mita ya nuna min, lambar tana can ƙasa. Kuma ma ruwan ai ba cikin jini ake zuba shi ba.

Injiniyan RO: Ɗan Gwaggo, mitar da aka nuna maka gishiri take aunawa, wato ma'adanan da suka narke a ruwa. Ba ta san bakteriya ba, ba ta taɓa jin labarinsu ba. Ruwa zai iya nuna lamba mai kyau a mita alhali kowane ɗigo nasa cike yake da ƙwayoyi. Ido kuwa ba ya cikin lissafi. Kafin ruwa ya yi gurɓin da za ka gani da ido, ƙwayoyin sun kai miliyoyi a kowace mililita, mu kuma a kan 100 ake faɗa da mu.

Likitan Ƙoda: Salamu alaikum. Bari in ɗora a kan maganar Injiniya, don batun "ba cikin jini ake zuba shi ba" shi ne abin da ke yaudarar mutane da yawa, har da wasu ma'aikata.

Inji yana tura ruwan wanki kimanin mililita 500 a minti ɗaya. A zama na awa 4, lita 120 ke nan suka wuce ta gefen jinin mutum. Wanda ake wa sau 3 a mako ya haɗu da lita 360. Mai lafiya kuwa abin da yake sha a mako bai fi lita 14 zuwa 20 ba, kuma wannan ta ciki yake bi, inda akwai asid, ga hanji yana zaɓen abin da zai shiga, ga hanta, ga ƙoda ta fitar da saura. Mai wankin ƙoda ba shi da ko ɗaya daga cikin masu gadin nan a lokacin da yake kan inji. Tsakanin jininsa da ruwan sai wata fata siririya ta cikin matatar jini.

Gaskiya ne cikakkiyar bakteriya ba ta ratsa fatar in ba ta yage ba. Matsalar ita ce bakteriyar ruwa, irin su Pseudomonas, Burkholderia, Stenotrophomonas da Ralstonia, suna da wani dafi a ɓawonsu da ake kira endotoksin. Suna saki tun suna raye, in sun mutu su saki fiye da haka. Gutsattsarin dafin nan ƙanana ne, suna iya ratsawa, musamman a matatu masu manyan ƙofofi inda wani sashe na ruwan wanki ke komawa ɓangaren jini ta ƙarshen matatar. Da garkuwar jiki ta ji ƙanshinsa sai ta ɗauka an kawo hari: sanyi, karkarwa, zazzaɓi, ciwon jiki, wani lokaci jini ya faɗi. A ɗebi jini a shuka a leb don a ga ko ƙwaya za ta tsiro, ba a ga komai ba. A sauke mutum, bayan wasu awoyi ya warware. Abin da Hajiya ta siffanta ya yi kama da wannan sosai, amma ban gan shi ba, don haka ba zan yanke hukunci daga waya ba.

Ɗan Gwaggo: To Dokta ba sai a tafasa ruwan ba, ko a zuba kulorin? Mu a gida haka muke yi.

Likitan Ƙoda: Tafasa tana kashe ƙwayar, ba ta lalata dafin. Masu haɗa magungunan allura in za su kawar da shi daga kwalabe, busasshen zafi na digiri 250 suke ba su na rabin awa. Kulorin kuma na bar wa Injiniya, nan ne gonarsa.

Injiniyan RO: Ai nan ne gizo ke saƙar. Kulorin da ke kare ruwan famfo guba ne ga mai wankin ƙoda, yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, yana kuma cinye fatar RO ɗin kanta. Iyakar da aka yarda da ita miligiram 0.1 ce a lita. Don haka da hannunmu muke cire shi. Ruwa zai bi ta tankin yashi, ya bi ta na gishiri mai rage masa tauri, ya bi ta tankin gawayi, a nan kulorin ke tsayawa. Daga gawayi zuwa gadon mara lafiya babu sauran abin da ke kashe ƙwaya a cikin ruwan. Shi kansa gawayin gidan haya ne na bakteriya, ga ramuka ga abinci. RO yana tare kusan dukkansu, amma kusan duka ba duka ba ne. 'Yan kaɗan da suka tsallake sai su tarar da tanki da bututu babu mai gadi.

Duk wanda ya taɓa wanke randa ya san santsin nan da ke kama cikinta ko da ruwan da ke ciki garau yake. To shi ne ke kama cikin bututun wankin ƙoda. Na taɓa yanke wani reshen bututu da aka ja wa injin da ya lalace aka ture shi gefe, aka rufe bakin da famfo aka manta. Na zura yatsa, ya fito da yauƙi ruwan ƙasa-ƙasa, yana ja. Reshen bai fi kamu biyu ba, amma yana haɗe da babban layin da ke ba kowa ruwa. A zuba maganin wanki ya zagaya layi, ba ya shiga wannan lungun yadda ya kamata, bayan 'yan kwanaki ƙwayoyin su sake bazuwa. In yauƙin nan ya kafu, maganin saman kawai yake ƙonawa, na ƙasa suna nan. Wani lokaci ba abin yi sai canza bututun gaba ɗaya.

Shi ya sa ake son layin ya zama zobe, ruwa na gudu ba tsayawa dare da rana, ya fita ya dawo. Yanzu ku haɗa wannan da halin da muke ciki. An tashi aiki da yamma an kashe janareta don dizal, famfo ya tsaya. Ruwa ya kwana a tsaye cikin zafin Afrilu. Ranar hutu ya wuni ya sake kwana. Wanda aka fara ɗorawa da safen ranar dawowa shi ke karɓar kason farko.

Baban Sadik: Allahu Akbar. Mu tsofaffin wurin dama mun lura layin farko bayan hutu ya fi wahalar da mutum. Muna cewa ruwan jiki ne ya taru.

Sistar Dare: Baba wannan ma yana nan, dogon hutu yana tara ruwa da gishiri a jiki, kada a ɗora wa bututu komai. Amma ni abin da ya fi ci min rai ba a ɗakin Injiniya yake ba, a gabanmu yake. Jarkar baikabonet. Ruwan wanki haɗi uku ne: ruwan RO, da ruwan asid, da baikabonet. Na asid ƙwaya ba ta iya rayuwa a cikinsa. Baikabonet kuwa da an dama garin da ruwa ya zama wurin kiwo, ƙa'ida kada ya wuce awa 24. Me ake yi? An tashi aiki saura kwata a jarka, a ce asara ce a zubar, da safe a dama sabo a ɗora a kan na jiya. Jarkar kanta ba a ɗauraye ta a kife ta bushe ba. Sandar da inji ke zuƙa da ita, in za a canza jarka, a ajiye ta a ƙasa kan tayil, a ɗauka a mayar. Ko RO ɗinka daga ina aka kawo shi, ka ɓata aikin a taku na ƙarshe. Inda ake amfani da busasshen gari a cikin kwalbarsa da ake maƙalawa a jikin inji, an huta da wannan, sai dai ya fi tsada.

Malamin Leb: Ina karatu tun ɗazu. Ni tawa matsalar da takardar sakamako ce. Cibiya za ta ce maka "mun gwada ruwanmu, ba a ga komai ba", ta nuna maka takarda da hatimi. Tambayi yadda aka gwada.

Ƙa'idar duniya ta ISO 23500 ta ce ruwan kada ya kai ƙwaya 100 masu tsiro a mililita ɗaya, kuma da ya kai 50 a tashi a ɗau mataki, ba a jira. Endotoksin a ruwan kada ya kai EU 0.25 a mililita (EU ma'aunin ƙarfin dafin ne), a haɗaɗɗen ruwan wanki kuma 0.5. Akwai mataki na sama da ake kira tsantsar tsabta, ƙwaya ƙasa da 0.1 a mililita, endotoksin ƙasa da 0.03. A da iyakar Amurka 200 ce, endotoksin kuma 2, za ku ga yadda aka matse.

To a kawo samfur ɗakin gwaji na asibiti, yaro ya karɓa ya yi masa yadda yake wa fitsari. Ya ɗauki zoben waya mai ɗibar mililita 0.001, ya shafa a faranti mai jini, ya sa a zafin digiri 37, gobe ya duba. Yi lissafi: ruwa mai ƙwaya 100 a mililita, abin da zoben zai ɗebo kashi ɗaya cikin goma na ƙwaya guda ne. Ko ruwan ya ninka iyaka sau biyar, zai iya fitowa fari tas. Na biyu, ƙwayoyin ruwa sun saba da yunwa da sanyi, faranti mai jini ya yi musu maiƙo, da yawansu ba sa tsirowa a kai. Ana so a shuka su a abinci mara ƙarfi, R2A ko TGEA, a zafin digiri 17 zuwa 23, a jira kwana 7. Kuma a shuka cikin awa 4 da ɗiba, in ba hali a sa a firji kada ya wuce awa 24. Na uku, wanda ya fi ba ni dariya: a wanke layi da magani yau, gobe a ɗebi samfur. Ai ka san amsar da kake nema. Kafin wankin layi ake ɗiba, lokacin da abin ya fi muni.

Ɗan Gwaggo: Malam, kwana 7 a zafin digiri 23 a Kano? Ina za ka samo wannan sanyin?

Malamin Leb: Akwai akwatin shuka mai sanyaya kansa, wuta yake so kawai, ita ce kuma babu. Ƙa'idar Amurka ta yarda da wata hanyar, faranti mai abincin TSA a digiri 35 zuwa 37 na awa 48. Ba ta kamo ƙwayoyi kamar ta kwana 7, amma ta fi faranti mai jini nesa, kuma kowane leb zai iya. Gwajin endotoksin shi ne mai wuya a wurinmu. Sinadarin daga jinin wata halittar teku ake samo shi, dangin gizo-gizo ce mai ƙoƙo a baya, jininta shuɗi, tana gaɓar tekun Atlantika ta Amurka. Frederik Bang da Jack Levin ne suka gano a shekarun 1960 cewa jinin yana daskarewa da ya haɗu da dafin. Da dala ake sayo shi, yana son firji, yana da wa'adi.

Alhaji Manaja: Na yi shiru ne ina jin malamai. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne a littafi. Amma ku zo ku zauna a kujerata wata guda. Mutum ya sayar da gona, ya sayar da shanu, ya zo da kuɗin zama biyu, likita ya ce uku yake buƙata a mako. Kowace naira da na ƙara a kan gwajin dala, da dizal na barin famfo yana gudu cikin dare babu mara lafiya ko ɗaya, a kansa za ta faɗa. Ni abin da na gani da idona, waɗanda suka rasu don kuɗi ya ƙare suka daina zuwa sun fi waɗanda ruwa ya taɓa yawa, ba a ma haɗa su. Gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, madalla, amma mu masu zaman kansu ba wanda ya rage mana komai. Ana kwatanta mu da Jamus, ana manta da cewa ruwanmu ma wani lokaci da tanka muke saye.

Likitan Ƙoda: Alhaji, rabin maganarka ba mai musu. Rashin kuɗin zama shi ne babban mai kisa a nan, kuma ba zan taɓa ce wa mara lafiya ya ƙi zuwa wanki don tsoron ruwa ba. Wanda ya tsallake zama saboda wannan hirar ya cuci kansa, gishirin fotashiyam da ruwan huhu ba sa jira.

Inda na rabu da kai shi ne "waɗanda ruwa ya taɓa". Ta yaya ka ƙirga su? Karkarwa ce kawai ake gani. Wanda dafin ke shigarsa kaɗan-kaɗan kowane zama ba ya karkarwa. Jikinsa na cikin kumburin ɓoye, CRP, alamar kumburi a gwajin jini, a sama, abinci ba ya masa daɗi, furotin ɗin jini da ake kira albumin na sauka, allurar ƙarin jini ba ta kama shi. Sai a ƙara masa allura, sai a ƙara masa ledar jini. Nazarce-nazarce da dama sun nuna in aka koma ruwa mai tsantsar tsabta alamomin kumburi na raguwa, buƙatar allurar ma na raguwa. Wato kuɗin da ba a kashe a ɗakin ruwa ba, mara lafiya ne ke biyan sa a kantin magani, ba ya dai fitowa a littafinka.

Tunda ka ambaci tanka, akwai abin da ya kamata kowane mai cibiya ya sani. A Fabrairun 1996, a garin Caruaru na jihar Pernambuco a Brazil, ana ƙarancin ruwa, wata cibiyar wankin ƙoda tana karɓar ruwa da tanka. Asalin ruwan daga madatsar Tabocas yake, wadda wasu bakteriya masu launin kore-shuɗi suka mamaye, irin waɗanda ke sa saman tafki ya yi kore. Ruwan tankar bai bi dukkan matakan tacewa na gidan ruwa ba, cibiyar ba ta da RO, na'urorin tacewarta kuma ba a kula da su yadda ya kamata. Marasa lafiya kusan 130 ake wa wanki a wurin. Sama da 100 suka kamu, gani ya dushe, amai, sannan hanta ta lalace. Fiye da 50 suka mutu. Dafin da aka samu a jininsu da hantarsu sunansa maikurosistin. Ba irin endotoksin ba ne, amma ta ƙofa ɗaya suka shigo. Duk wanda ke sayen tanka bai san inda direba ya ɗebo ba, ya tuna muna da madatsu da kududdufai masu yin kore da rani.

Alhaji Manaja: Inna lillahi. To ni dai RO gare ni, Dokta.

Injiniyan RO: Shi ne ya raba ka da su, Alhaji, in fatarsa lafiya take kuma gawayin ba tun na buɗe cibiya ba ne. Amma bari in rage maka lissafi, don yawancin abin da muke roƙo ba dala ba ne. Yanke matattun rassan bututu aikin yini ɗaya ne na mai famfo. Zubar da ragowar baikabonet da kife jarka, asarar kwata ce. Famfon zagaya ruwa ƙarami ne, ba sai babban janareta ba, sola da batir za su riƙe shi har safe. Tankin ajiya ya zama mai tsinin gindi da ke zubewa ƙarƙaf, da murfi mai matsewa da filta a hancin iskarsa, ba baƙin tankin saman gida mai lebur ɗin gindi ba. Wankin layi da asid ɗin farasetik a kan lokaci, aƙalla wata-wata, a haɗa har da 'yan bututun da ke shiga bayan kowane inji, don su aka fi mantawa. A kuma gwada a tabbatar maganin ya fita tas kafin a ɗora mutum, wannan ba wasa ba ne. Abu ɗaya mai ɗan tsada da zan ce ka daure ka saya shi ne filtar endotoksin da ake ɗaurawa a bayan inji, yawancin injinan yanzu suna da gurbinta. Ita ce shinge na ƙarshe. Sai dai tana da adadin zama ko watannin da ake canza ta, ba a barin ta sai ta toshe.

Alhaji Manaja: Wani ya kawo min fitilar UV, mai kashe ƙwayoyi da haskenta, ya ce ta gama komai.

Injiniyan RO: Tana kashe na cikin ruwan da ya wuce ta gabanta, in ƙwan bai tsufa ba kuma gilashin ba datti. Ba ta taɓa yauƙin bango. Gawarwakin kuma dafi ne, kamar yadda Dokta ya faɗa. In za ka sa ta, sa filtar endotoksin a bayanta.

Ɗan Damagaram: Sannunku da ƙoƙari, muna ƙaruwa daga nan Nijar. Ina da tambaya. Na ji akwai wankin da ake yi ta ciki, da ruwan leda da kamfani ya haɗa. Wannan ai ya tsira daga duk abin da kuke faɗa ko?

Likitan Ƙoda: Ya tsira daga ɗakin ruwa, amma yana da nasa. A can haɗarin yana hannun mai haɗa leda da bututun ciki, in bai wanke hannu da kyau ba ƙwaya ta shiga, ruwan ya fito da gurɓi, ciki ya yi ciwo. Kamfani ma ba ma'asumi ba ne. A Disambar 2010 hukumar magunguna ta Turai ta sanar da samun endotoksin a wasu ledojin da Baxter ke yi a masana'antarsa ta Castlebar a ƙasar Ireland. Da aka bincika, tsaga aka samu a jikin wasu tankuna, bakteriya suka zauna a ciki inda wanki ba ya kaiwa. An gasa ledojin, ƙwayoyin sun mutu, dafin ya rage. Labarin Injiniya ne dai, a masana'antar Turai.

Baban Sadik: Dokta, a da can ana wanke matatar jini a rubuta sunanka a sake maka amfani da ita. Da tsadar nan wasu na cewa a dawo da hakan.

Likitan Ƙoda: Ana yi a ƙasashe da dama, kuma in an bi ƙa'ida yana rage kuɗi. Amma Baba, lura da bambancin: a nan ruwan yana shiga ɓangaren da jini ke bi kai tsaye, fatar da muke dogaro da ita ba ta tsakani. A 1982 a jihar Luwiziyana ta Amurka, mutum 27 cikin 140 na wata cibiya suka kamu da wata ƙwayar ruwa 'yar dangin ta tarin fuka, Mycobacterium chelonae, saboda maganin fomalin da ake jiƙa matatun a ciki bai kai ƙarfin kashe ta ba. Cibiyar da ba ta iya gwada ruwanta ba, ban ga yadda za ta ɗauki wannan aikin ba.

Maman Walida: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma ni yanzu me zan yi? Ina tsoron in yi magana a ce na raina su, mu kuma ba mu da wani wurin.

Sistar Dare: Kada ki je da faɗa, Yaya, kuma kada ki ce "ruwanku ba kyau". Ki samu likitan ko babbar sista ke kaɗai. Ki ce kin lura abin na zuwa bayan awa ɗaya, yana sauka da dare, kuma ranar kaza su biyu suka yi. Ki riƙa rubuta rana, da lokaci, da lambar injin da aka ɗora shi. Ki roƙa in ya sake faruwa a ɗebi jini a shuka nan take kafin a ba da maganin kashe ƙwayoyi, a yi gwajin maleriya na gaske maimakon zato, a kuma ɗebi ruwan wankin injin a lokacin, kafin a wanke shi. In inji ɗaya ne kullum, matsalar tana cikinsa ko a jarkarsa. In injina daban-daban ne, a koma ɗakin ruwa. Ma'aikacin kirki zai ji daɗin wannan bayanin, don mu muna canjin aiki, ba lalle wadda ta gani ranar Talata ta san abin da ya faru ranar Asabar ba. In kuma zazzaɓin ya bi shi gida, ko ya rikice, ko numfashi ya yi wuya, ku koma asibiti a daren, kada ku ce na ruwa ne zai wuce.

Ɗan Gwaggo: To ai sai a manna sakamakon ruwa a bango kowa ya gani, kamar yadda ake manna farashi.

Alhaji Manaja: Ka manna takardar da Malam ya ce ta bogi ce? Ni in zan manna, ta gaske nake so. Malam, tsakani da Allah, in na ce zan yi gwajin dafin nan wata-wata, kwalbar da zan buɗe don samfur uku ko huɗu, sauran ya lalace, wa zai biya?

Malamin Leb: Shi ya sa bai kamata kowace cibiya ta sayi nata ba. Garin da ke da cibiyoyi biyar ko shida, a sa rana ɗaya a wata, kowa ya kawo samfurinsa cikin ƙanƙara zuwa leb guda, a buɗe sinadarin sau ɗaya a gama da shi, a raba kuɗin. Akwai kuma na'urar hannu mai katin gwaji ɗaya-ɗaya da ke ba da amsa cikin kamar minti 15, ita ma a iya yin tarayya a kanta. Sharaɗina guda: ba mai cibiya ne zai zaɓi ranar ɗiba ba, kuma ba shi zai ɗebo ba.

Alhaji Manaja: Wato ba ka yarda da mu ba ke nan.

Malamin Leb: Na yarda da kai, Alhaji. Yaronka da zai wanke layi daren jajibiri don kada oga ya ji kunya, shi ne ban yarda da shi ba.

Injiniyan RO: Ni zan ɗebo, in za ku biya min kuɗin mai. Wuri uku nake so a kowace cibiya: bakin fitar RO, ƙarshen zobe inda ruwa ke komawa tanki, da inji guda da zan nuna da kaina in na shigo. Alhaji, da taka za mu fara ko da ta maƙwabcinka?

Alhaji Manaja: Ku fara da tawa. Amma ka zo da zarto, akwai reshe biyu a bayan sito da na san ba a taɓa buɗe su ba tun da muka mayar da injinan ɗakin gaba.